Na Zargi Hamma da Rage Mini Kaso, Yanzu Ko Gaisawa Ba Ma Yi

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a nan Gombe. Hotunan gonaki da tauraron ɗan'adam ke ɗauka muke tacewa, mu fitar wa masu ba mu kwangila da rahoto. Muna da na'urori shida da aka haɗa wuri guda, Hadoop ne a kansu, wato manhajar da ke sa na'urori da yawa su yi aiki tare, wani ɓangarensa mai suna YARN ke raba aiki. Wanda ke kula da su abokin yayana ne, shi ya kawo ni aikin, Hamma nake ce masa. Ni na rubuta manhajar da ke neman kwantena, wato kason memori da furosesa da YARN ke keɓe wa aiki. Ina neman ƙanana 12 masu megabait 1500 da manya 3 masu 6000, duk a lambar fifiko 0, in sun zo ina bai wa ayyuka bi da bi yadda na jera su. Amma kullum babban aiki sai ya mutu, in na duba sai in ga a kwantenar giga 2 ya gudana. Ko ƙananan ma megabait 2048, wato giga 2, nake gani, ba 1500 ba. Na nemi ƙwayar furosesa 4, shafin YARN yana nuna 1. Wani lokaci kuma kwantenoni su yi ta zuwa fiye da abin da na nema, har abokan aiki su ce na cinye musu layi. Sau biyu muna makara da rahoto. A taron ranar Litinin, gaban oga da kowa, na ce Hamma ne ke rage mini kaso da gangan don ya ga na fara yi masa fintinkau. Bai ce uffan ba. Yau mako uku, sai dai sallama a bakin ƙofa. Yayana ya ji labari, ya daina ɗaukar wayata. Ga shi an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah, ina tsoron rasa aikin. Ta yaya zan tabbatar wa oga cewa ba laifina ba ne?

Ƙaninka daga Tumfure

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya albarka a auren, ya kai mu lokacin lafiya.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ka roƙa ba zan iya ba ka ba. Alamomi huɗu ka kawo: babban aiki na mutuwa, girman kwantena ba ya dacewa da abin da ka nema, furosesa na nuna 1, kwantenoni na zuwa fiye da kima. Duka huɗun sanannu ne ga wanda ya taɓa rubuta irin manhajarka. Biyu daga cikin rubutunka suke fitowa, biyu kuma saiti ne da Hadoop ke zuwa da shi tun daga hannun waɗanda suka ƙera shi. A duk abin da ka rubuto, ban ga hannun Hamma ba. Na san ba wannan ka so ji ba, amma ka daure ka bi ni har ƙarshe, domin gyaran na'urar mai sauƙi ne, kuma in ka fahimci yadda abin yake za ka san abin da za ka faɗa wa mutumin nan.

Tunda ɗan Gombe ne kai, mu je Tudun Hatsi lokacin kaka. A ce ɗan kasuwa ya sayi masara da wake da yawa, ya je wurin ɗan kamasho ya ce yana son a-kori-kura goma sha biyu da tirela uku. Ɗan kamasho ba shi da mota a ajiye. Jira yake direba ya sauke kaya ya dawo ya ce ya samu sarari, sai ya ce masa je ka wurin Alhaji wane. Wadda ta fara dawowa ita za ta fara zuwa. Direban kuma in ya iso, abin da zai ce kawai shi ne an turo shi. Ba zai ce shi ne mota ta bakwai a takardar Alhaji ba, don shi ma bai san da wata takarda ba. Ɗan kasuwa ne zai ɗaga kai ya dubi motar, ya ga girmanta, sannan ya nuna wa 'yan dako tulin buhunan da za su ɗora. In ya sunkuyar da kai yana bin takardarsa daga sama zuwa ƙasa, duk motar da ta tsaya ya ce a loda mata abin da ke gaba, wata rana za a ɗora wa a-kori-kura kayan tirela, sifirin ya karye tun ba a fita daga kasuwa ba.

Haka YARN yake, ba ragi. ResourceManager shi ne ɗan kamasho. A kan kowace na'ura cikin shidan nan akwai NodeManager, wanda ke leƙowa duk daƙiƙa guda ya faɗi sararin da ya rage masa. Manhajarka, wadda a tsarin ake kira ApplicationMaster, ita ce ɗan kasuwa. Kwantena kuwa, ga masu karatu da ba su saba da kalmar a nan ba, kaso ne na memori da furosesa da aka keɓe maka a kan na'ura ɗaya, ka gudanar da aikinka a ciki. YARN ya shigo ne da Hadoop na biyu, wanda tsayayyen fitowarsa, 2.2.0, ta kasance a watan Oktoba na 2013, kuma an tsara shi ne da tunanin wurare irin su Yahoo inda na'urori ke kai dubbai. Saboda yawan nan ne aka hana ɗan kamasho riƙe dogon lissafi. Bai san ayyukanka ba, bai san akwai hoton gonakin Kaltungo da na Dukku ba. Abin da yake rubutawa gajere ne: lambar fifiko kaza, a wuri kaza, girma kaza, guda nawa. In sarari ya samu sai ya miƙo maka kwantena, ya rage ɗaya a ƙidayarsa. Wane aiki zai shiga cikinta, wannan naka ne, tun asali haka aka raba nauyin.

To a nan babban aikinka yake mutuwa, kuma ta hanya biyu. Ta farko ita ce bi da bin da kake yi. Kwantena ba ta zuwa a jerin da ka nema, tana zuwa ne a jerin da sarari ya samu, ƙarama kuma ta fi saurin samun wuri. Ranar da babban aiki ya zo kan gaba a jerinka, ƙaramar kwantena ta iso, sai manhajarka ta haɗa su. NodeManager yana auna memorin da kowace kwantena ke ci, da aikin ya haura giga 2 sai ya kashe shi. In ka koma log ɗinka, wato rubutun da na'ura ke ajiyewa na abin da ya faru, za ka ga saƙon cewa ya wuce iyakar memori, galibi tare da lamba 143. Kai da ka ga giga 2 inda ka nemi 6, sai zuciyarka ta ce an rage maka. Ba wanda ya rage, kwantenar wani aikin ce ka sa shi a ciki.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyewa, ita ce kuma ta fi cin mutane. A littafin ResourceManager, layi ɗaya ne ga kowace lambar fifiko a kowane wuri. In ka aika buƙatar manya 3 a lamba 0, ka kuma aika ta ƙanana 12 a lamba 0, ba layi biyu zai buɗe ba. Wadda ta shiga daga baya za ta hau kan ta farko ta shafe ta. Sai ka zauna kana jiran tirela alhali a littafin ɗan kamasho babu tirela da sunanka. Masu MapReduce, tsarin Hadoop mai raba aiki mataki biyu, map da reduce, sun san da wannan tun farko, shi ya sa kowane irin aiki suka ba shi lambarsa: aikin map da ya faɗi ake maimaitawa 5, aikin reduce 10, aikin map na yau da kullum 20. Da kwantena ta iso, lambar da ke jikinta suke dubawa su san ta waye. Kai ma haka za ka yi. Ka ba manya lamba 1, ƙanana lamba 2, ka riƙe jeri biyu maimakon ɗaya, in kwantena ta zo ka karanta lambar fifikonta sannan ka ɗauko aiki daga jerin da ya dace. Ka lura, ƙaramar lamba ita ake fara saurara. Da gangan na ce ka ba manyan ita, domin in ƙanana suka fara warwatsuwa a kan na'urori shida, kowace za ta rage da guntun sarari, a rasa inda giga 6 zai zauna a dunƙule.

Batun 1500 da ya koma 2048 ba ya buƙatar dogon bayani. YARN ba ya awo da rabin mudu. Mafi ƙanƙantar abin da yake bayarwa, in ba a sauya saiti ba, megabait 1024 ne, kuma duk abin da ka nema sai ya cike shi zuwa ninki na gaba. Shi ya sa 1500 ya zama 2048, 6000 kuma zai zama 6144. Ƙari aka yi maka. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada ka rubuta gwajin da ke cewa sai girman kwantena ya yi daidai da wanda ka nema ƙwabo da ƙwabo, domin ba zai taɓa dacewa ba. Ka nemi 2048 da 6144 tun farko, hankalinka ya kwanta. In da Java, yaren rubuta manhaja, ayyukan ke gudana, kada ka ba shi dukan kwantenar. Masu aikin sun saba barin kusan kashi ɗaya cikin biyar don sauran buƙatun da ke wajen tulin memorin da Java ke ajiye bayanan aiki a ciki. Kuma ka sani akwai rufi a sama, wanda asalinsa 8192 ne, in ka nemi fiye da shi ba za a karɓi buƙatar ba sam.

Yanzu ga abin da ya sa abokan aikinka ke kuka da kai, kuma kukan nasu gaskiya ne. Shiryayyen rubutun Hadoop da manhajarka ke amfani da shi wajen magana da ResourceManager yana riƙe da nasa lissafin a gefenka. Duk lokacin da ka ƙara buƙata, yana ƙara ɗaya a ƙidaya, kuma abin da yake aikawa ba “ƙaro mini ɗaya” ba ne, jimillar abin da yake ganin kana bi ne. Can gefen ɗan kamasho ana ragewa duk sanda aka ba ka kwantena. Nan gefenka kuwa ba mai ragewa sai kai, ta hanyar kiran removeContainerRequest. Ka duba yadda abin ke faruwa: ka nemi 12, an ba ka 12, can an rubuta sifili, nan har yanzu 12. Aiki ɗaya ya faɗi, ka nemi kwantena ɗaya don ka maimaita shi. Lissafinka ya zama 13, aka aika 13, ɗan kamasho ya fara turo maka motoci goma sha uku. Ɗaya ka loda, goma sha biyu suna tsaye a ƙofar rumfarka. Giga 24 ke nan an riƙe da sunanka babu abin da ake yi da su, kuma ResourceManager ba zai karɓe kwantenar da aka ba ka ba ka kunna ba sai bayan minti goma. A gungun na'urori shida, minti goma na giga 24 ya isa ya sa aikin na kusa da kai ya tsaya cak. Tunda manyan ayyukanka suna mutuwa kullum kana sake nema, kowace mutuwa tana jawo sabon jerin motoci. Kuskuren farko ne ke ciyar da na biyu.

Maganinsa layi biyu ne na rubutu. Duk kwantenar da ka haɗa da aiki, a take ka soke buƙatar da ta biya. Duk wadda ta zo ba ka da aikin ba ta, a take ka mayar da ita da releaseAssignedContainer, kada ka bari agogon minti goma ya yi maka. Ko bayan ka gyara, lokaci-lokaci za ka ga rara ta ɗaya ko biyu, domin yana yiwuwa an riga an ware maka kwantena a can kafin labarinta ya iso maka, kai kuma a daidai lokacin ka aika tsohuwar ƙidaya. Wannan ba ɓaraka ba ce a rubutunka, haka tsarin yake, mayarwar ce ke rufe ta.

Saura furosesa, wadda na ga ita ta fi tsaya maka a rai, don lamba ce ƙarara: ka ce 4, an rubuta 1. Mai rabon da Hadoop na Apache ke zuwa da shi, Capacity Scheduler, ma'auninsa na asali memori kaɗai yake aunawa. Ba ya sa furosesa a lissafin rabo, saboda haka kowace kwantena 1 yake rubuta mata ko nawa aka nema. Duk wanda ya kafa Hadoop bai taɓa wannan saitin ba, abin da zai gani ke nan. Kuma wannan 1 ɗin ba ta ɗaure aikinka ba. Muddin ba a kunna cgroups, wato hanyar sa wa aiki iyaka a kan na'ura, don a taƙaita furosesa ba, aikinka yana cin duk ƙwayoyin da ya samu a kan na'urar. In ana son lambar ta zama gaskiya a kuma riƙa rabo da ita, sai a sauya ma'aunin zuwa DominantResourceCalculator, wanda ke auna memori da furosesa tare. Wannan yana hannun Hamma, amma rashin sauyawar ba zalunci ba ne, kuma kowa a ofishinku 1 ɗin nan yake gani, ba kai kaɗai ba. Da ka leƙa shafin aikin wani kafin taron Litinin, da ka gani.

Ka duba wane Hadoop ne a wurinku. Daga 2.9.0, wanda ya fito a Nuwamban 2017, da 3.0.0 na Disamban wannan shekarar, an ƙara wata lamba da ake kira allocationRequestId. Kai ne ke maƙala wa buƙatarka ita, kwantenar da aka bayar dominta kuma ta dawo ɗauke da ita, kamar a ce ɗan kamasho ya fara bai wa direba 'yar takarda mai lambar da Alhaji ya faɗa. Da ita, girma biyu na iya zama a lambar fifiko ɗaya ba tare da ɗaya ya shafe ɗaya ba. In naku ya kai nan, yi amfani da ita, ta fi tsafta. Sokewa da mayarwa dai suna nan a wuyanka. Na kawo maka tarihin ne kuma don ka ga cewa shekara huɗu ana fama da wannan matsala kafin a yi mata ƙofa ta musamman. Ba kai ka fara faɗawa ramin ba, kuma ba abin kunya ba ne a ce matashin da ya rubuta ApplicationMaster ɗinsa na farko ya faɗa.

Wani abu da zai same ka nan gaba, gara ka ji shi yanzu. Hotunanku a HDFS suke, wato ma'ajiyar bayanai ta Hadoop, kowane yanki kwafi uku a na'urori daban-daban in ba a sauya ba, kuma za ka so aiki ya gudana kusa da bayanansa. In ka nemi kwantena a kan wata na'ura ta musamman, ana ɗaukar abin a matsayin so ne, ba dole ba, sai in ka hana sassauci. Ana iya ba ka a maƙwabciyarta. Saboda haka in kwantenoni sun iso, ka fara neman aikin da ke son ainihin na'urar, in babu ka nemi mai son rak ɗin da take ciki, wato kantar da aka jera ta tare da maƙwabtanta, in babu sannan ka ba kowa. Haka MapReduce ke yi, haka Spark, wata shiryayyar manhajar sarrafa bayanai da ke iya gudana a kan YARN, ke yi. Tunda na ambaci Spark ma, ra'ayina shi ne kamfani mai na'urori shida da 'yan ma'aikata ba lalle ne ya riƙe ApplicationMaster na kansa ba. In aikin zai rabu gida biyu, ƙanana daban manya daban, Spark ya riga ya yi duk wannan lissafin. Amma wannan shawara ce ta bayan an miƙa rahoto, ba ta wannan makon ba.

Kada ka yarda da ni haka kawai. Yau da dare, kafin ka gyara komai, ka ƙara layi ɗaya da zai rubuta lambar fifiko, girma da sunan na'urar kowace kwantena da ta iso, da sunan aikin da ka sa a ciki. Ka gudanar sau ɗaya, ka karanta. Za ka ga babban aiki zaune a gefen 2048 da idonka.

Ƙanena, na'urar ke nan. Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka.

Ka tsaya gaban oga da abokan aiki ka ce mutum yana yi maka zagon ƙasa saboda hassada. Wannan ba kuskuren lissafi ba ne, ƙazafi ne, kuma ka yi wa wanda amanar na'urorin kamfanin ke hannunsa. Mai irin aikinsa da amana yake cin abinci. In aka fara tunanin yana taɓa saiti don ya cuci wani, ko a Gombe ko a Bauchi ko a Abuja, maganar za ta riga shi isa duk inda ya je neman aiki. Kai kana tsoron rasa aiki saboda aure, shi ma yana da iyali. Mutanenmu na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, naka kuwa bai ma zama ba.

Ka yi tunanin shirun da ya yi. Mutumin da ke kula da gungun nan ya san saitinsa kamar tafin hannunsa. A wannan taron yana iya buɗe fayil ɗin a gaban kowa, ya nuna babu abin da aka taɓa, ya juya kan rubutunka ya tambaye ka inda kake soke buƙata. Cikin minti biyar da ya gama da kai. Bai yi ba. Ni abin da na karanta a shirun nan shi ne ya tuna ƙanin abokinsa ne kai, shi ya kawo ka, kuma bai so ya tozarta ka gaban oga. Mai jin tsoron ka yi masa fintinkau ba ya barin irin wannan damar ta wuce. Yayanka ma abin da ya gane ke nan, shi ya sa ya daina ɗaukar wayarka: da fuskarsa aka ɗauke ka, fuskar tasa ka zubar.

Ga yadda nake ganin za ka bi. Da ka ga abin da log ya nuna, kada ka jira sai ka gama gyara. Ka je gidan Hamma, ba ofis ba, bayan Magariba, kai kaɗai. Kada ka roƙi yayanka ya shige maka gaba, domin in yana wurin Hamma zai ce ya yafe saboda kunyar abokinsa, abin kuma ya zauna a ransa. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka zauna ƙasa, ka faɗi abin da sunansa. Ban da “in na ɓata maka rai”, ban da “shaiɗan ne”, ban da kawo matsin da kake ciki na aure a matsayin hujja. Ka ce: Hamma, na yi maka ƙazafi a gaban mutane, na duba na ga matsalar a rubutuna take, ka yafe mini. Sannan ka yi shiru ka saurara. Yana iya faɗa maka magana mai zafi, ka haɗiye. Yana iya cewa ba komai da baki, fuskarsa ba ta sake ba. Kada ka matsa masa. Mako uku ya yi yana shiga ofis da wannan tabon, ba dole ba ne ya warke a zama ɗaya. Ka ci gaba da gaishe shi kowace safiya kamar da. Daga gidansa ka wuce wurin yayanka, ka faɗa masa inda ka fito.

Na ukun shi ne mai wuya, kuma ba na son ka tsallake shi. Inda aka yi ɓarnar nan za a gyara. A taron Litinin mai zuwa, gaban mutanen da suka ji zargin, ka nemi izinin magana kafin a shiga wani batu, ka ce abin da ka faɗa a kan Hamma ba gaskiya ba ne kuma ka janye shi. Neman gafara a zaure ba ya wanke sunan da aka ɓata a taro. Bayan nan ka juya ga abokan aikin da ka riƙe wa layi, su ma suna da haƙƙi a kanka, ka gaya musu dalilin da ranar da zai daina faruwa.

Batun aikinka, ba zan yi maka alkawarin abin da ke hannun wani ba. Amma ka auna da kanka. Abin da ke hana oga barci shi ne rahoton da ya makara sau biyu da masu kwangilar da ke iya komawa wani wuri. In ka dage a kan zargin, hanyar da ta rage masa ita ce ya sa wani ya duba, kuma duk wanda ya san YARN, da ya buɗe rubutunka zai ga lambar fifiko ɗaya da rashin sokewa kafin shayinsa ya huce. Ranar nan za a same ka da kuskure da ƙazafi a haɗe, kuma wani ne ya tono. In kuwa kai ka zo da kanka, da takarda a hannu mai nuna ga dalili, ga gyara, ga gwajin da ya wuce lafiya, ga ranar da rahoto zai fita, to oga yana kallon ma'aikacin da ya warware masa matsala ne. Ka tabbata gwajin na gaske ne: ka gudanar da cikakken aikin aƙalla sau uku, ka kashe ƙaramin aiki ɗaya da gangan a tsakiya, ka ga cewa kwantena ɗaya tak ta zo a madadinsa.

In ƙura ta lafa, akwai abu biyu da za ka roƙi Hamma, amma ba a daren neman gafara ba, kada ya zama kamar buƙata ce ta kai ka. Ɗaya shi ne ya duba ko lokaci ya yi da za a sauya ma'aunin nan don a riƙa lissafa furosesa, tunda tace hoto aiki ne mai cin ta. Ɗayan kuma ya buɗe wa manhajarka layinta daban a Capacity Scheduler, ya sa mata iyakar da ba za ta haura ba, ta yadda ko wani kuskuren ya sake ɓullowa a rubutunka ba zai taɓa aikin kowa ba. Ranar da zai yi, ka jawo kujera ka zauna kusa da shi, ka ce ya nuna maka fayil ɗin layi bayan layi.